Bunsurun da Ya Tsare Mu Mako Uku a Tudun Wada

A daminar 2004 wani bunsuru ya tsare mu mako uku cur a shagon kawuna da ke Tudun Wada, a garin Minna. Ba ya cin dusa, ba ya wari, kuma babu mai shi a unguwar. A cikin kwamfuta yake, ɗaure a farfajiyar wata rusasshiyar fada a ƙasar Ayilan, yana gadin bakin wani rami. Duk sa'ad da mutuminmu ya doshi ramin sai ya taso ya tunkuye shi ya kai shi ƙasa. Na ga magidanci mai 'ya'ya huɗu ya tuɓe hula yana tsine wa bunsurun nan har kakanninsa. Na ga ɗalibin jami'a ya rantse da girman Allah ba zai ƙara taɓa wasan ba, washegari bayan isha'i ya riga kowa zuwa.

In aka ta da zancen gidajen gem na da, ƙwallo kowa ke tunawa: Winning Eleven, ihu, wanda aka ci ya tashi. Haka ne kuwa, ƙwallo ce ta ciyar da masu sana'ar. Amma a lungun wasu shagunan buga takardu an yi wani ɗan gajeren zamani na wasan bincike, wanda ba gudu ba harbi, sai kallo da tambaya da cizon yatsa. Bai cika shekara goma ba ya shuɗe. Ni na yi yaron shago a cikinsa, kuma mu da muka san shi mun fara furfura.

Sai an fara da jirgin ƙasa, don kusan duk abin da ya shigo Minna ta tasha ya biyo. Garin Gbagyi ne tun asali, waɗanda muke ce wa Gwari. Layin dogon da Turawa suka faro daga Baro, a bakin kogin Kwara, cikin 1907, ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911, sannan wanda ya taso daga Legas ya zo ya haɗe da shi a Minna. Mahaɗar ta jawo leburori da akawuna da 'yan koli da mahauta, Hausawa da Nufawa da Yarbawa da Ibo. Kakana daga ƙasar Zazzau ya zo neman aikin reluwe, bai koma ba. Sunan unguwarmu ma na wancan zamani ne, don a Zariya da Kano da Kaduna duk akwai Tudun Wada, matsugunin baƙin da suka zo cin arziki. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 Minna ta zama babban birni, ma'aikata suka cika gari, unguwar ta yi ta faɗi har yau mazaɓu biyu ce, ta Arewa da ta Kudu, a ƙaramar hukumar Chanchaga.

Garin akawuna kuwa ba ya rabuwa da karatun nishaɗi. A Minna aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921, kuma jarumin littafinsa People of the City ɗan jarida ne mai bin labaran laifi. Abubakar Imam ɗan Kagara ne, nan kusa da mu, Magana Jari Ce kuwa cike take da ɓarayi da shari'a da masu dabara. Iyayenmu sun yi zamanin Lance Spearman, jami'in bincike mai kwat da hular malfa, a mujallar hotuna ta African Film a ƙarshen shekarun 1960. Yayyenmu suka yi na Pacesetters, da kuma uban tafiya, James Hadley Chase. Kwafi ɗaya na Chase kan zagaye layi guda har bangonsa ya fita, kuma babu mugu kamar wanda ya yage shafukan ƙarshe ya ƙunsa gyaɗa. Ana iya kwana uku ana gardamar wa ya yi kisan kafin a samu wanda ya karanta cikakke. Ashe shi Chase ɗin Bature ne ɗan Ingila, da taswira da ƙamus na karin maganar Amurkawa ya fara gina Amurkarsa. Mu ma da muke gardamar titunan Miami a ƙarƙashin dalbejiya ba mu fi shi laifi ba.

Kenan tun kafin kwamfuta ta zo akwai masu jiran ta, su da kansu ba su sani ba.

Jami'ar fasaha ta tarayya da aka buɗe a 1983 ita ta haifar da sana'ar kawuna. Ɗalibai na buƙatar a buga musu kundin kammala karatu, ma'aikata na buƙatar hoton takardu, masu biki na buƙatar katin gayyata. A farkon shekarun 2000 gwanjon kwamfutoci daga Turai suka malalo ta kasuwar Ikeja a Legas, farashi ya sauko. Kawu ya ɗauki kuɗin sallamarsa daga aikin gwamnati ya sayi guda uku, Pentium III, da na'urar bugawa, da ta hoton takardu, da ɗan janareta. Biyu na aiki ne. Ta ukun, wadda ke lungu kusa da taga, allonta na da wani shuɗin tabo a kusurwa, ita ce ta koyon hannu. Ita ce injiniyan da ke mana gyara ya zuba wa wasanni a matsayin gyara, daga irin faya-fayan nan da 'yan kasuwa ke kawowa daga Alaba, waɗanda ake rubuta wasa ɗari a bangonsu, talatin su buɗe. A cikin talatin ɗin akwai Broken Sword.

Ga yadda abin yake, don wanda bai taɓa gani ba. Hoto ne a gabanka, titi ko ɗaki ko kasuwa. A hannunka akwai abin da mu a shago muke cewa maus, 'yan jarida kuma linzami. Kana yawo da kibiya a kan hoton, in ta hau abin da ke da amfani sai ta sauya kama. Ka danna, mutumin ya taka ya ɗauka, ko ya duba, ko ya yi wa wani tambaya. Abin da ka tsinta yana aljihunka, wata rana zai yi rana. Shi ke nan. Linzamin zamanin ƙwallon roba ne a cikinsa, ƙurar Minna kuwa ba ta da kunya, kullum da safe sai na buɗe na kankare dattin da tsinken ashana. Sau biyu yara suna sace ƙwallon, har Kawu ya sa aka liƙe murfin da gam.

Irin wannan wasa da labarin kisa ya fara rayuwa. A 1980 wasu mata da miji a Amurka, Roberta da Ken Williams, suka fitar da Mystery House, gida ne da ake kashe baƙi ɗaya bayan ɗaya, amma sai ka rubuta umarni da hannu. A 1985 Déjà Vu ya zo da nunawa da dannawa, labarin wani mai bincike a Shikago da ya farka bai san ko shi wane ne ba, ga gawa a kusa. Namu kuwa kamfanin Revolution Software na birnin York a Ingila ne ya yi shi a 1996, ƙarƙashin Charles Cecil. Wato shekara takwas ya yi a hanya kafin ya iso Tudun Wada. Sa'ad da muke buɗe baki muna mamaki, a can masu sharhi sun riga sun fara yi wa irin wasan ta'aziyya.

Labarin ya buɗe da wani Ba'amurke ɗan yawon buɗe ido, George Stobbart, zaune a gaban shagon shayi a Faris. Wani mai shigar ɗan kama, da jan hanci na roba, ya shiga ya sace jakar wani tsoho ya bar bam. George ya tsira, ya ƙi komawa gida, ya haɗu da wata 'yar jarida mai ɗaukar hoto, Nico Collard, suka shiga bin sawu.

Waɗanda suka ƙera wasan mutum ɗaya suka yi wa, shi kaɗai a ɗakinsa. Mu kuwa majalisa muka mai da shi. Ni ke riƙe da linzami don ni ne yaron shago. Wani ɗalibi da ke haya a bayan layinmu shi ne tafinta, yana karanta Turancin da ke fitowa a ƙasan allo yana juya shi Hausa, da ƙarin gishirinsa, tunda lasifikarmu ta mutu tun a jirgin ruwa. Telan da ke maƙwabtaka da mu shi ne magatakarda: a littafin awonsa, gefen tsawon hannu da faɗin ƙirjin mutane, yake rubuta sunan duk wanda muka gamu da shi da abin da ya faɗa. Mai shayi kan leƙo ta taga. Sai shugaban zama, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin ɗan sanda, wanda kowa ke kira Baba Sufeto. Bai taɓa taɓa linzamin ba ko sau ɗaya. Kujerar roba yake jawowa ya zauna a baya, carbi a hannu, yana yanke hukunci.

Hukuncinsa na farko ya faɗo ne tun daren farko. Akwai wani lebura mai haƙa a titi da muka ba jarida, ya ga labarin tseren dawaki ya tafi caca, mu kuma muka buɗe akwatinsa muka ɗauke ƙarfen buɗe murfin magudana. Muka shiga magudanar muka tsinci jan hancin, George ya cusa a aljihu.

"Tsaya, yaro," in ji Baba Sufeto. "Da hannunsa ya ɗauka?"

"Da hannunsa, Baba."

"Ya rubuta? Akwai shaida a wurin?"

"Babu, Baba."

"To wannan ba mai bincike ba ne. Ya yaudari talaka, ya saci kayan aikinsa, ya ɓata hujja. Da ni ne a Faris, shi zan fara kullewa."

Har aka gama wasan bai yafe wa George ba, bai kuma fasa zuwa ba. Mai shayi shi ƙorafinsa surutu. Ya ce ya ga finafinan Amurka iri-iri, bai taɓa ganin Ba'amurken da ba shi da bindiga ba sai wannan, mutum sai tambaya kamar suruka. Tela kuwa surutun ne abincinsa. Shi ya fara lura cewa kowane mutum a wasan yana da abin da yake so, kuma ba ka samun komai sai ka gano shi, kamar dai mai karɓar ɗinki ranar jajibiri. Abin da ya dame shi ɗaya ne, yawan zuwan George ɗakin Nico ba tare da an kai gaisuwa ba. Ya ce in ba a ɗaura aure a ƙarshe ba, a mayar masa da kuɗin da ya bayar na man janareta.

Da labarin ya gangaro kan wata tsohuwar rundunar mayaƙan Kirista da ake kira Templar, sai muka nemi malamin Islamiyyar layinmu. Ya zo da niyyar yi mana faɗa kan ɓata dare, ya ƙare da ba mu tarihin yaƙe-yaƙen Ƙudus da Salahuddin har ƙarfe sha ɗaya. Daga baya na karanta cewa rundunar ta gaske ce, Sarkin Faransa Filib na huɗu ya sa aka kame su a 1307, aka ƙone shugabansu a Faris a 1314. Malam bai sake zama ba, amma in ya gamu da ni a hanyar masallaci yakan ce, "Ya mutanen naku, an kama su?"

Sai bunsuru.

Mun gwada duk abin da ke aljihun George. Mun nuna masa jan hanci, mun nuna masa ƙarfe. Mun koma mashayar ƙauyen Lochmarne, inda fadar take, mun sake tambayar kowa, ko akwai mai abincin dabba. Tela ya ce a nemo akuya. Mai shayi, ba sai na faɗa ba, ya ce a harbe shi. A mako na biyu aka ɗauke wuta muna tsakiyar wasa, janareta bai tashi da wuri ba, da muka kunna sai ajiyarmu ta ƙi buɗewa. A jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro wannan ba labari ba ne. A nan littafin awo ya yi ranarsa: da shi muka sake tafiyar daga Faris zuwa Ayilan a dare ɗaya, muka iso muka tarar da bunsurun yana jiranmu.

Akwai 'yar Kawu, shekararta sha biyu a lokacin, ita ke kawo masa tuwon dare a kwanon sha. Ba a barin ta zama, amma takan yi jinkirin tattara kwanuka. Wani dare ta ce, daga bakin ƙofa, "Yaya, ai ɗaure yake. In namu ya dame mu, igiyar muke sarƙewa a turke." Aka yi dariya. Na dai gwada, don akwai wata tsohuwar garma yashe a gefen farfajiyar. Na danna ta, George ya taka a hankali kamar ango, bunsuru ya kai shi ƙasa. Aka ce ta tafi gida dare ya yi.

A ƙarshen mako na uku tafinta ya hau kabu-kabu ya tafi Bosso, ya sayi awa ɗaya a kafe, ya shiga GameFAQs ya kwaso bayanin wasan daga farko har ƙarshe a fulofi. Kawu ya buga mana, ya kuma karɓi kuɗinsa shafi-shafi, don shi ba ya haɗa zumunci da tawada. Amsar ita ce: ka bar bunsurun ya tunkuye ka, yana juyawa zai koma mazauninsa ka yi wuf ka danna garmar, George zai ruga ya ja ta, bunsuru ya taso, igiyarsa ta sarƙe. Yarinyar ta faɗi gaskiya tun kwana goma baya. Abin da ya rage mana sauri ne, wasan kuwa tun daga Faris bai taɓa neman mu yi sauri ba, ya koya mana natsuwa sannan ya kama mu da ita. A nan ina tare da duk wanda ya zagi bunsurun, kuma ashe ba mu kaɗai ba ne. A duniyar masu wannan wasa babu matsalar da ta yi suna kamar ta bunsurun Lochmarne, shi kansa Charles Cecil ya sha amsa laifinta a hirarraki, kuma da aka sake fitar da wasan a 2009 an sassauta ta.

Takardar ta raba majalisa biyu. Tafinta ya ce ilimi ne, an rubuta don a karanta. Tela ya ce satar amsa ce, kuma wanda ya saci amsa ko ya ci jarrabawa bai san daɗin ta ba. Baba Sufeto ya yanke: a naɗe takardun a kulle a durowar keken ɗinki, ba a buɗewa sai an kwana uku a wuri ɗaya, kuma sai da yardar kowa.

Bayan mako guda labari ya kai mu wani gari a Siriya. Muna shiga kasuwa, ban ko gama zagaya kibiya ba, tafinta ya ce, "Je wurin mai naman can ka duba abin da yake shafa mai da shi." Na je. Burushin wanke banɗaki ne, wanda aka sace daga wani kulob a garin. Ana ta salati ana dariya, Baba Sufeto bai yi ba. Ya bari aka lafa.

"Ɗana, daga inda kake zaune, me ka gani a hannun mai naman?"

"Wani abu dai, Baba."

"Mu ma wani abu muka gani. Kai ya aka yi ka san shi ne abin dubawa, ga tukwane, ga darduma, ga yaro a gefe?"

Shiru. Ashe mutumin kwafi biyu ya buga, ɗaya na ƙarƙashin katifarsa, kullum yana haddace shafi guda ya zo ya yi mana gwaninta. Iyakar shari'ar da majalisarmu ta taɓa warwarewa da kanta kenan, kuma ba a cikin kwamfuta aka yi laifin ba. Hukuncinsa galan ɗaya na fetur.

Burushin nan ya ja gardama mai zafi. Mai tsiren bakin titi da aka ba labari ya ce cin mutuncin sana'a ne. Wasu suka ce haka Turawa suke, in sun zo kan Larabawa sai ƙazanta da wayo da kisa, ga shi kuwa maƙashin da muke bi ma mutumin can ne. Tela ya kare wasan da cewa ba wanda ya tsira: 'yan sandan Faransa shashashai, mutanen Ayilan mashaya, Amurkawa 'yan yawon buɗe ido a sayar musu da gunkin jabu su yi godiya, yaron kasuwar Siriya kuwa ya fi kowa kai. Ni a lokacin bayan tela na bi. Yanzu da na girma ina ganin duka biyun da gaskiyarsu, don wanda aka saba yi wa dariya a ko'ina ba ya jin ta kamar wanda aka taɓa sau ɗaya.

Ba a ɗaura auren ba. Ba a kuma mayar wa tela kuɗinsa ba.

A shekara ta gaba injiniya ya kawo CSI, wanda Ubisoft ta fitar a 2003 bisa shirin talabijin na Las Vegas. Nan Baba Sufeto ya gyara zama. Ga safar hannu, ga hodar ɗaukar zanen yatsa, ga ɗakin gwaji, kuma ba ka shiga gidan mutum sai ka tara hujjar da za a ba ka takardar izini. Ya ce yanzu aka zo aiki. Amma bayan shari'a biyu sai ya fara girgiza kai. Ya ce a shekarunsa na aiki bai taɓa kama ɓarawo da silin gashi ba. Da baki ake kamawa: mai unguwa ya san baƙon da ya sauka, mai shayi ya san wanda ya canza babbar takarda da asuba, ɗan kabu-kabu ya san inda ya ajiye wa. "Waɗannan sun fi yarda da kafet a kan mutum," in ji shi. Ɗakin gawa kuwa ya sa wasu sun daina zuwa. Mutum ya mutu da safe, a ajiye shi a firji kwana da kwanaki ana yanka ana aunawa, alhali a wurinmu kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi. Wani ya ce to ai shi ya sa mai kisa a nan ke barci da minshari. Aka yi masa caa, amma ba wanda ya ba shi amsa. Sai a 2017 Jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajin ƙwayar halitta don binciken laifi, Baba bai kai ga jin labarin ba.

Akwai aibi guda da duk majalisa ta haɗu a kansa, kuma har yau ina ganin shi ne sharhi mafi nauyi da aka yi a shagon nan. Wasan ba ya barin ka yi kuskure. Ba za ka iya nuna marar laifi ka ce shi ne, a kama shi, ka kwana da hakkinsa ba. Ko ka bi hanyar da aka shata, ko ka tsaya cik. Tela ya ce, "An riga an yanke hukunci, mu sa hannu kawai aka kira mu." Baba Sufeto ya ce abin da ke hana mai bincike barci shi ne tsoron ya kulle wanda bai ji ba bai gani ba, wasan da babu wannan tsoron kuwa wasan yara ne. Masu ƙera wasanni sun zo kan wannan magana daga baya. A Sherlock Holmes: Crimes and Punishments, da kamfanin Frogwares na Yukren ya fitar a 2014, kana iya ɗora laifi a kan wanda ba shi ba, kana kuma iya gano mai laifin ka yafe masa. Shekara tara kenan bayan an faɗe ta a Tudun Wada, a kan kujerar roba.

Abin da ya hana wasan bincike zama sana'a lissafi ne mai sauƙi, Kawu ya yi shi a bayan ambulan. A gidan ƙwallo mutum biyu ke biya, minti goma an tashi, wasu biyu sun zauna. A wurinmu mutum goma ne a kan na'ura ɗaya, awa uku, rabin lokacin ana kallon hoto ɗaya ana musu, janareta na shan mai. Wanda ya gama labari kuma ba ya dawowa, ya riga ya san wa ya yi kisan. Kawu ya haƙura da mu ne don karo-karon mai da muke yi, da kuma cewa shagon da dattijon ɗan sanda ke zaune a ƙofarsa har sha ɗayan dare ba ya buƙatar maigadi. Duk wanda na sani da ya buɗe gidan gem don riba, PlayStation 2 ya saya da talabijin da benci.

Majalisar ta watse a hankali. Tafinta ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa, ni na samu gurbin karatu, kwamfutar lungu ta mutu aka cire kayan cikinta aka gyara 'yan uwanta.

Abin ya sake dawowa ta wata ƙofa a ƙarshen 2012, sa'ad da wani kamfanin Faris, Pretty Simple, ya saki Criminal Case a Facebook. Bayan shekara guda Facebook ta ba shi kambun wasan shekarar 2013, kuma duk mai shafi a Minna ya san haka ko bai taɓa bugawa ba, saboda saƙonnin gayyata. A nan hoton wurin kisa ake ba ka, da jerin sunayen abubuwa, ka nemo su da sauri ka tara taurari, da taurarin kake yi wa mutane tambaya. Kowane dubawa na cin kuzari, in ya ƙare ko ka jira, ko ka biya, ko ka roƙi abokai su aiko maka da lemo. Sakamakon ɗakin gawa sai ka jira awanni na gaske. Na ga manyan ma'aikata suna bara a intanet saboda kofin lemon da ba a sha. Da na nuna wa tela, kallon minti biyar ya yi ya ce wannan tsintar tsakuwa ce a shinkafa, aikin ido ne ba na kai ba. Ban musa ba, ko da yake na san yaran da suka koyi sunayen abubuwa da yawa na Turanci a wurin fiye da abin da aji ya ba su. Da wasan ya sauko wayoyin Android a 2015, ga Tecno a hannun kowa, sai kafe ma ta rasa wannan cinikin, ta koma rijistar jarrabawa da cike takardun neman aiki.

Na daɗe ina cewa waya ce ta kashe mana majalisa, kowa ya koma shi kaɗai da allonsa. Ranar da na faɗi haka a gaban 'yar Kawu, wadda yanzu malamar makaranta ce mai 'ya'ya uku, sai ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Majalisar wa, Yaya? Ni a bakin ƙofa nake tsayawa da kwanuka. Na ba ku amsa kuka ce dare ya yi."

Ta nuna mini wayarta. Ta warware shari'o'in da ban san adadinsu ba, ita da ƙawayenta malamai suna da zaurensu a WhatsApp inda suke musun wa ya yi kisan kafin wasan ya faɗa. Tun ranar na rage wannan magana.

Shagon Kawu yanzu na cire kuɗi ne da cajin waya. Tela na nan, ido ya yi rauni, yaransa ke ɗinki shi yana yanka. Littafin awon na 2004 na cikin durowarsa, a shafi ɗaya akwai awon kaftanin wani ango da jerin mutum shida da muke zargi, an ja layi a ƙarƙashin mai jan hanci. Da sallar da ta wuce na sa sabon fitowar wasan a wayata na kai masa. Muka bi Faris, muka isa Ayilan, na miƙa masa ya danna da kansa. Minti biyu bai cika ba igiya ta sarƙe, George ya wuce ya shiga rami. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya miƙo mini wayar.

"Wannan ba bunsurunmu ba ne," in ji shi. "Taure ne."